Gara a Gidan Kafinta

Washegarin ranar da aka yi ruwan farko na shekarar, Mai Keke ta shiga ɗakin ɗinkinta da tsintsiya a hannu, sai ta tarar da fukafukai zube a bakin taga. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Sun kai cikin tafin hannu, sirara kamar ɓawon albasa, kuma duk tsawonsu ɗaya, sai ka ce da almakashi aka daidaita su.

Ta ajiye tsintsiyar ta duba tagar. A rufe take ruf, da ragar sauro da gilashi, kamar yadda ta bar ta jiya da yamma. Da a waje fukafukan suke, da ta ce shinge ne ya biyo hasken fitila daga wani wuri ya zubar da rigarsa ya wuce. To, a ciki suke. Abin da ya zubar da su ba shigowa ya yi ba, daga cikin gidan ya fito.

Ita tela ce, shekararta bakwai a gidan. Surukinta ne ya laƙaba mata sunan Mai Keke tun satin da aka kawo ta da keken ɗinkinta, sunan kuwa ya bi ta, har masu kawo mata ɗinki ba su san wani ba. Shi surukin tsohon kafinta ne, kowa Baba yake ce masa. Duk wani katako da ke gidan nan, daga ƙofar shigowa zuwa kujerar da jikarsa take takawa ta wanke hannu, da hannunsa ya yi shi. In baƙo ya zo, kafin a kawo masa ruwa Baba ya riga ya sa shi ya buɗe ƙofar falo ya rufe sau biyu, don ya ji yadda take tafiya ba ƙara bayan shekara talatin da ɗoriya.

Mai Keke ta san gara, kuma ba a bakin wani ta ji labarinta ba. Kafin aurenta ta taɓa kama wani ɗan shago, wata safiya ta buɗe ta tarar da kantar shagon ta rufto da yadukan mutane, ƙasa ta manne su, an huda su kamar rariya. Ran da mai feshin maganin ƙwari ya zo, wuni ta yi tsaye a kansa tana tambaya, har ya ce in ta gaji da ɗinki ta zo ya ɗauke ta aiki. Abin da ta ji a ranar bai taɓa barin kanta ba.

Saboda haka ba ta tsaya mamaki ba. Ta janye kwalayen da take tara ƙyallaye a ciki, waɗanda suka shekara jingine da bango. A bayansu, daidai kusurwa, ga shi nan: wani siririn layin ƙasa mai kaurin fensir, ya taso daga tsagar siminti, ya bi bango ya hau, ya ɓace a cikin silin. Gindin kwali biyu ya zama gari. Ta ɗaga kai ta ga fentin saman taga ya kumbura kamar ƙunar ruwan zafi. Sannan ta tuna yau kusan sati uku ke nan ƙofar ɗakin tana ciza, sai ta sa kafaɗa take rufuwa.

Ta sa bakin almakashi ta fasa layin ƙasar a tsakiya, kamar tsawon ɗan yatsa. Wasu fararen ƙwari masu taushi kamar ƙwayar shinkafa suka watse, biyu masu jan kai suka tsaya a bakin ramin suna buɗe baki. Ta ɗauki allin ɗinki ta yi alama sama da ƙasan wurin da ta fasa, ta mayar da hankalinta kan aikinta. Bayan kwana biyu ta dawo ta duba. An ɗinke wurin tsaf da sabuwar ƙasa mai danshi, wadda ta fi tsohuwar duhu.

Mijinta mai gyaran famfo ne, mutum mai faɗin kafaɗa da son zaman lafiya. Tana fitowa ta same shi yana ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur, 'yarsu na tsaye da jakar makaranta tana zuba masa surutu. Shekararta biyar, kakanta ya sa mata Aku saboda bakinta ba ya hutawa.

“Baban Aku, zo ka ga wani abu.”

Ya biyo ta ɗakin, ya sunkuya ya duba. “Wannan ai ƙasa ce.”

“Ƙasa ce mai hawa bango da ƙafarta? Gara ce. Shekaranjiya na fasa nan, dubi yadda suka gyara.”

Ya miƙe yana sosa ƙeya. “To, in na taso zan sayo maganin sauro mai ƙarfi mu fesa.”

“Ka fesa wa waɗanda ka gani, uwarsu na can ƙarƙashin ƙasa tana haifo wasu. Su waɗannan 'yan aike ne kawai. Ni abin da ya dame ni shi ne saman nan. Me suke zuwa ci a cikin silin?”

Mijin ya leƙa waje ya rage murya, duk da cewa Baba na can baranda da rediyonsa. “Don girman Allah kada ki kai wa Baba maganar nan. Ki ce masa gara ta ci aikinsa? Jininsa ne zai hau. Ki bari ni zan san yadda zan ɓullo masa.”

“Yaushe?”

“A hankali dai.”

Ta san a hankalin mijinta. Famfon da ke bayan gidansu wata biyar ke nan yana ɗiga, kullum gobe za a gyara. Ta dubi ƙaramin gadon Aku da ke gefen keken ɗinki, ta dubi fankar da ke rataye a samansa. Ya ɗauki yarinyar suka tafi.

Da hantsi ta kai wa Baba shayi, ta durƙusa ta gaishe shi. Yana zaune yana goge wani tsohon zarto da tsumma, rediyo na ihu kusa da kunnensa.

“Baba, ƙofar ɗakin ɗinki ce take ciza.”

“Na'am?”

Ta ɗaga murya ta maimaita.

“Damina ce. Katako na shan iska ya kumbura, in rani ya yi ya koma. Zan zo in rage mata gefe.”

“Tun kafin ruwa ta fara, Baba. Ina jin gara ce.”

Ya ajiye zarton, ya dube ta ta saman tabarau, sannan ya yi wata dariya har da tari. “Gara? A gidana? 'Yata, gara dai ki koma kan kekenki. Katakon gidan nan kwana uku ya yi a cikin baƙin mai kafin in ɗora shi. Garar da ta cije shi sai ta nemi mai gyaran haƙori.”

“Haka ne, Baba. Amma da ka zo ka duba, hankalina zai fi kwanciya.”

Ya tashi da ƙyar saboda gwiwa, ya biyo ta, yana tafe yana cewa mata da tsoro, kyankyaso ma sai su ce kura ce. Da suka isa, ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa katakon da ya riƙe ƙofar, sama, tsakiya, ƙasa, irin yadda ya yi wa dubban katakai a rayuwarsa.

“Lafiyarsa lau,” in ji shi. “Garau yake.”

Mai Keke ta tsaya cak. Ita a kunnenta ƙarar ta fito kamar an buga kwalin da ba komai a ciki. Yaro ma zai ji bambancin, balle mutumin da ya yi shekara arba'in yana zaɓen katako da kunne. Ta dubi fuskarsa, ta ga ba gardama yake yi ba. Bai ji ba ne. Nan take abubuwa suka haɗu mata: rediyon da kullum ake ƙara masa murya, yadda yake kafa wa bakin mutum ido in ana masa magana, yadda Aku take faɗin abu sau uku yana gyaɗa kai yana murmushi.

Ba ta nuna ta gane ba. Ta ɗauko babban almakashinta ta ce, “Baba, don Allah mu fara zuwa ƙofar falo. Ɗora tafin hannunka a jikin katakon.”

“Wane sabon salo ne kuma wannan?”

“Ka dai ɗora.”

Ya ɗora. Ta buga gindin almakashin kusa da hannunsa sau uku. Katakon ya amsa daram, ko motsi bai yi ba. Suka dawo ɗakin ɗinki, ya sake ɗora tafinsa, ta sake bugawa. Ta ga yatsunsa sun ɗan zabura. Katakon rawa yake a ƙarƙashin hannunsa kamar fatar ganga.

“Ƙara,” in ji shi.

Ta ƙara. Ya janye hannun a hankali, ya laluba aljihu ya fito da sukudireba, wadda ba ya rabuwa da ita ko wanka zai shiga. Ya ɗora bakinta a jikin fentin ya ɗan danna. Bai sa wani ƙarfi ba, ta shige har ƙota. Da ya zaro ta, sai ƙasa ta biyo, da fararen ƙwari suna zubowa a kan takalminsa.

Ya daɗe yana kallon ramin. Ta nuna masa layin da ke kusurwa da alamun allinta, da fentin da ya kumbura, da fukafukan da ta adana a cikin murfin kwalba. Ya je ya zauna a kujerar kekenta.

“Tun yaushe kika sani?”

“Yau kwana uku.”

“Ba garar ba.” Ya nuna kunnensa.

Ta sunkuyar da kai. “Yanzun nan, Baba.”

“Shekara biyu ke nan yana tafiya. Na hagun ya riga ya tafi.” Ya juya sukudirebar a hannunsa. “Kafinta ba kunne, ai kamar tela ce ba ido.”

Ta matso ta ɓangaren damarsa ta yi magana a sarari. “Hannun dai bai tafi ba, Baba, yanzu na gani. Kuma babu wanda ya san cikin rufin nan sai kai.”

Ya yi ajiyar zuciya, ya buga gwiwa ya miƙe. Muryarsa ta koma ta da, ta mai ba da umarni a wurin aiki. “To, gani ya kori ji. Gara ba ta faɗowa daga sama. Mu je mu ga ta inda ta shigo.”

Suka zagaya ta bayan gidan. Daidai bayan ɗakin ɗinki akwai tarin guntayen katako da Baba ya yi shekara da shekaru yana ajiyewa, jingine da bango, ya kai ƙugun mutum. Sau nawa ɗansa ya ce a zubar, shi kuma ya ce kafinta ba ya zubar da katako, wata rana zai yi rana. Taku biyu daga tarin, ga famfon nan yana ɗiga, ɗis, ɗis, ƙasar wurin ta yi baƙi ta yi laushi, har ciyawa ta fito. Baba ya sa sandarsa ya ture na saman. Na ƙasan duk sun zama ƙasa, gara na tafasa a ciki, ga hanyoyinta huɗu sun kama bango sun shige ta gindinsa.

“Kin gani,” in ji shi. “Ni na kawo musu abinci, mijinki ya kawo musu ruwan sha.”

“Ni kuma na yi musu labule da kwalayena, Baba. Da na janye su ina sharewa, da tuni na gani.”

“To, ashe duk gidan muka taru muka karɓi baƙi.”

Saura saman. Mijin ya tafi aiki can wajen gari, ba zai dawo ba sai yamma. Gwiwar Baba ko matakala biyu ba ta hawa. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Mai Keke ta dubi ɗan murfin da ke silin ɗin lungun da ya raba ɗakunan, ta ce ita za ta hau.

“Ke? Matar ɗana a cikin rufi? Me mutane za su ce?”

“Mutanen ba a ƙarƙashin fankar nan 'yarsu take barci ba, Baba. Kuma ko shi Baban Aku ya dawo, ramin nan ba zai ci kafaɗarsa ba.”

Baba ya dubi ramin, ya auna faɗin ɗansa a zuci, dariya ta ƙwace masa. “Wannan kuma gaskiya ne.”

Ta saka wandon aikin mijinta ta naɗe ƙafafun, ta ɗaure kanta tam, ta ɗauki tocila da ƙaramar guduma da sukudirebar Baba. Shi kuma ya ɗauko wani faffaɗan katako mai ƙwari ya ce ta riƙa shimfiɗa shi a kan katakan rufin tana bi ta kai, kada ta kuskura ta taka silin ɗin kansa, kwali ne kawai. Sai wata matsala ta taso: in ta yi magana daga can ciki, ba zai ji ba. Ta fita ta kwanto igiyar shanya, ta ɗaura bakinta ɗaya a hannunta, ta ba shi ɗayan.

“In katako lafiya yake, zan ja sau ɗaya. In ƙwarya ce, sau biyu.”

Ya riƙe mata tsanin ta hau. Cikin rufin zafi kamar tanda, ga ƙura, ga warin tsohon mai. Daga ƙasa muryar Baba ta taso da ƙarfi, har kwanon yana amsawa.

“Juya hagu! Na farko yana saman falo, akwai kulli a tsakiyarsa kamar ido. Buga shi kusa da bango, sannan ki buga tsakiya!”

Ta haska. Ga kullin nan kuwa, daidai inda ya ce. Ta buga, gudumar ta yi tsalle ta dawo. Ta soka sukudireba, ko shiga ba ta yi ba. Ta ja igiya sau ɗaya.

“Na biyu! Wannan akwai ƙusa uku a ƙarshensa, ɗaya na lanƙwasa ta!”

Haka suka bi su, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran sunayen 'ya'yansa, yana faɗin tabon kowane kafin ta gan shi. Tara ne a saman tsohon ginin, jan katako baƙi ƙirin da mai, kuma sau tara ta ja igiyar sau ɗai-ɗai. A kan na takwas ta ga inda gara ta fara ɗora ƙasa ta yi kamar taku ɗaya, sannan ta fasa ta juya.

Da ta iso saman ɗakin ɗinki, muryar Baba ta canja. “Kada ki hau waɗannan. Tsaya a kan na tara ki miƙa hannu.”

Katakai uku ne a nan, farare, ba alamar mai a jikinsu. Ƙasa ta lulluɓe gefensu kamar an yaɓa. Ta buga na farko, ya amsa da ƙarar ƙwarya. Ta ja igiya sau biyu. Ta miƙa jiki gwargwadon iko ta taɓa na tsakiya, wanda ƙarfen fanka yake maƙale da shi. Wannan ko guduma ba ta ɗaga masa ba. Babban yatsanta ta danna, ya shige kamar cikin burodi. Ɓawo ne kawai ya rage, kuma ta ga ƙarfen fankar ya riga ya nutse cikinsa, katakon ya ɗan sunkuya. Jiya da rana fankar nan tana ta juyi, Aku na kwance a ƙarƙashinta da yatsa a baki.

Ta ja igiyar sau biyu, ta sake ja sau biyu, sannan ta juyo da baya da baya.

Ta sauko ƙura har gira, ta faɗa masa abin da ta gani. Baba ya shiga ɗakin da kansa ya kashe makunnin fankar, ya manna masa tef don kada wani ya manta. Suka kama gadon Aku suka fitar falo, suka jawo keken ɗinki, suka kwashe kayan mutane. Sai da ɗakin ya zama wayam sannan ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon sama.

“A kwana tara na yi rufin ɗakin nan,” in ji shi. “Ana gab da kawo ki. Na je wurin masu katako ban samu ja ba sai fari. Na ce in ɗora haka nan, in an natsu in hau in shafa masa mai. Yau shekara bakwai ban natsu ba.” Ya juyo ya dube ta. “Da safe na ce miki gara ba ta cin aikina. Inda na yi aikin ba ta ci ba. Inda na yi gaggawa ta ci.”

La'asar sakaliya sai ga mijin ya dawo da Aku, da gwangwanin maganin sauro a aljihun jaka. Ya tarar da gado a falo, matarsa sanye da wandonsa, mahaifinsa zaune da takarda da fensir yana zana rufi. Ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya riga shi.

“Zo nan, injiniyan ruwa. Wata nawa famfon bayan can yake zuba?”

“Baba, ai dama gobe nake...”

“Ɗaga murya, ba na ji. Kunnena ya mutu, yau na faɗa, kowa ya sani.”

Ɗan ya dubi matarsa, ta kawar da kai. Ya ɗaga murya ya ce, “Wata biyar!”

“Wata biyar. Kana gyara na gari, naka na kiwon gara. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ajiye wannan gwangwanin ka je.”

Minti goma sha biyar bai cika ba famfon ya yi shiru. Wata 'yar roba ce kamar zobe ta cinye. Da ya dawo yana goge hannu, matarsa ta kai shi ɗakin ta nuna masa yadda silin ya ɗan yi ciki daidai fankar, abin da ba ka lura sai an nuna maka. Ya juya ya je falo ya ɗauki Aku ya rungume, tana ta tambayarsa me ya sa gadonta ya yi tafiya.

Washegari mai feshi ya zo. Mai Keke ce ta zaga da shi, ta nuna masa komai tun daga fukafukan har tarin katako. Ya ce rabin aikinsa an riga an yi masa. Ya haƙa rami kewaye da bangon gidan, ya huda simintin ɗakin a wurare da yawa ya ɗura magani, ya ce a bar ɗakin a rufe kwana uku, kuma daga yau kada katako ko kwali ya sake taɓa ƙasa da bango a lokaci guda.

Tarin katakon kuwa, Baba bai yarda kowa ya taɓa ba. Ya sa aka kai masa kujera ya zauna yana zaɓa da hannunsa. Kowane guntu ya ɗaga sai ya faɗi tarihinsa: wannan ragowar gadon wance ne, wannan daga bencin makarantar da aka rushe, wannan ranar da aka haifi ɗansa yake yanka shi aka zo aka kira shi. Waɗanda gara ta taɓa aka kai fili aka cinna musu wuta. Bai kalli wutar ba. 'Yan kaɗan da suka tsira, ɗansa ya haɗa musu mazauni da tsofaffin bututun ƙarfe, tsayin gwiwa daga ƙasa, nesa da bango.

Aikin rufin, Baba ya aika aka kira masa Dogo, wanda ya koyi sana'a a hannunsa, yanzu har ya yi furfura yana da shagonsa da jikoki. Dogo ya zo da jan katako uku, aka jiƙa su da magani aka shanya. Kafin a ɗaga su, Baba ya ƙwala kira.

“Mai Keke! Zo ki buga mini waɗannan.”

Dogo ya ce, “Haba Baba, ni na zaɓo su fa.”

“Ni na koya maka zaɓen, shi ya sa.”

Ta zo da gudumar ta bi su daga kai zuwa gindi, Baba na biye da tafin hannunsa a kai. Biyu suka wuce. Na ukun ta tsaya a kusa da ƙarshensa ta sake bugawa, ta ce akwai tsaga a ciki. Dogo ya yi dariya, ya sa zarto ya yanke ɗan guntu don ya nuna mata, sai ga tsagar kwance a ciki. Allah ya sa akwai rarar tsawo, aka yanke wurin aka zubar. Daga nan Dogo ya daina dariya, ya koma ce mata Oga.

Ranar da aka yaye kwanon ɗakin, gari ya waye tas, amma kafin azahar hadari ya taso baƙi ƙirin. Dogo da mijin suna sama, Mai Keke na miƙa ƙusa da kwano daga kan tsani, Baba na tsakar gida da sanda yana nuna inda aka karkace. Tsofaffin katakan da aka sauko da su, na tsakiyan ko ƙasa bai kai ba ya rabe biyu a hannunsu. Iska ta taso tana neman ƙwace kwano, mijin ya kwanta a kai da dukkan nauyinsa, Baba ya ce yau dai ƙibar ta yi amfani. Ana buga ƙusar ƙarshe, ɗigon farko ya faɗo a wuyan Dogo.

Suka shige ɗakin su huɗu suna haki, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Babu silin tukuna, sabbin katakan na nan a fili, jajaye, suna warin magani. Kowa ya ɗaga kai yana neman yoyo. Ko ɗigo babu.

“Ƙusa ta biyun ƙarshe a lanƙwashe ta shiga,” in ji Baba.

“Daga ƙasa ka gani, Baba?” in ji Dogo.

“Kunne na ce ya mutu, ban ce ido ba.”

Dogo ya ce gobe zai cire ta in ya zo buga silin.

Ruwan bai gama tsagaitawa ba aka yi sallama a ƙofar gida. Wata mai kawo ɗinki ce, da lema a hannu, ta zo karɓar rigar da aka yi mata alkawari tun satin jiya. Ta tarar da keken a falo an rufe shi da zane, telar kuma da ƙurar katako a ɗankwali.

“Ikon Allah! Kin koma kafinta ne?”

“Na kwana biyu ne kawai. Yi haƙuri, rigarki jibi.”

“Jibin tela ko jibin gaskiya?”

Mai Keke ta yi dariya, ta yaye zanen da ke kan keken, ta jawo kujera ta zauna. “Zauna ki sha ruwa ya ɗauke,” in ji ta. “Bari in fara haɗa hannun rigar a gabanki.”